Faɗuwar Gaba Ba Dalili Ciwo Ne, Kuma Yana Da Magani

Jawabin da wata ma'aikaciyar lafiya ta yi wa 'yan ajin yaƙi da jahilci.

Iyayena da 'yan'uwana, yau zan yi magana a kan ciwon fargaba.

Kowa ya san tsoro. In ka ga maciji a gona, gabanka zai faɗi, gumi ya keto maka. Jiki ne yake shirin gudu. Da macijin ya wuce, sai hankali ya kwanta. To, mai ciwon fargaba jikinsa yana yin wannan shirin alhali babu maciji. Ya kwanta barci ya ƙi zuwa. Zuciya na bugawa, hannu na rawa. Kullum yana jin wani mugun abu na tafe. Wata takan daina zuwa biki da suna, a ce girman kai ne. Wani a ce iska ce ko sammu, a sayar da akuya a kan magani, ciwo yana nan.

Ba hauka ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da shi.

A asibiti za a fara duba jiki, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo suna kawo bugun zuciya. Yawan cin goro da shan shayi ma suna ƙara shi.

Daga nan sai maganin tattaunawa. Za ka zauna da ƙwararre, galibi sau ɗaya a mako. Zai tambaye ka: yaushe abin ke zuwa? Me ka tuna kafin gabanka ya faɗi? Tare za ku auna tunanin nan, ku ga ko gaskiya ne. Zai koya maka jan numfashi a hankali. Wadda ke tsoron taro, ba za a ce ta je biki gobe ba. Za ta fara da shiga maƙwabta, sannan ta ƙara gaba kaɗan-kaɗan. Wasu akan haɗa musu da ƙwaya, amma kada a saya a kemis ba da takardar likita ba.

A nan karatunku zai yi amfani. Ku sami ɗan littafi, ku riƙa rubuta rana da lokacin da abin ya zo, ku tafi da shi wurin likita.

Ku fara da asibitin da ke kusa da ku. In da buƙata, za a tura ku Dawanau a Kano, ko Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato. Wanda ya ji yana son halaka kansa, a kai shi ranar, kada a bari ya kwana.