Asusun Lafiya a Ƙasar Kurfai: Wa Zai Zuba, Kuma Yaushe?

Dattawan kasuwa da ma'aikatan Filinge.

Kun tambaye ni ko asusun taimakon juna na lafiya zai ɗore a Kurfai. Amsar tana kusa da mu, a kudancin wannan dallol namu. A 1993, bayan shirin Bamako na 1987, gwamnati ta gwada hanya biyu. A Sayi, maras lafiya kaɗai ke biya: babba sefa 200 a kowane ciwo. A Boboye kuwa, kowane mai biyan haraji yana zuba sefa 200 a shekara, sannan babba ya ba da sefa 50 ranar da ya je likita. Masu neman magani sun fi ƙaruwa a Boboye.

Darasin farko ke nan: asusun da masu ciwo kaɗai suka shiga, tulu ne mai yoyo. Sai masu lafiya sun tallafi marasa lafiya.

Na biyu, lokaci. Da kaka manomi ke da kuɗi, zazzaɓin sauro kuwa da damina yake kayar da yara, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. To, a karɓi kuɗin bayan girbi.

Na uku, biyan bashi. A 2006 aka mayar da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, amma gwamnati ta yi ta jinkirin biyan gidajen likita, har magani ya riƙa yankewa. Asusun da ba ya biyan likita kan kari, katinsa takarda ce kawai.

Saboda haka masu albashi da ƴan kasuwa ku fara zubawa, ma'aji kuma ya riƙa karanta lissafi a bainar jama'a.