Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Jawabi A Kwanar Dangora

Hakiman Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, da malamanku.

Kuzan da ake haƙowa a Riruwai ba abin rainawa ba ne. Kusan rabin kuzan duniya wajen liƙa ƙwayoyin lantarki na cikin rediyo da waya yake tafiya.

To, ku dubi dabarar maƙeran ƙwayoyin nan. A 1976 kamfanonin Japan biyar, har da Hitachi da Toshiba, suka tara masanansu wuri guda. Bayan shekara goma sai ga Japan ta tsere wa Amurka a kasuwa. Ganin haka, a 1987 kamfanonin Amurka 14 suka kafa ƙungiyar SEMATECH, suka yi tarayya cikin kuɗin bincike. Gayya ke nan.

Amma wanda ke haƙa shi kaɗai, ba sikeli, ba labarin farashi, dillali ke cin guminsa, in rami ya rufta kuwa ba mai ceto. Saboda haka ku tara mahaƙa su kafa ƙungiyar gama kai, lasin ɗaya, sikeli ɗaya. Malamai kuma su riƙa rubuta sunaye da awo.

Allah ya taimake mu, amin.