LASIN NA SU A RUWAN DA JIHOHI BIYU SUKA YI TARAYYA

Jawabi ga hakimai da malamansu na ƙasashen bakin Kwara

A shekarar 1968 aka gama madatsar Kainji, ruwan Kwara ya taru ya zama babban tafki, ya cinye tsohuwar Busa da tsibirai da yawa na ƙasar Yawuri. Tun daga 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Kabi, aka kuma mai da Bargu cikin Jihar Neja, tafkin nan yana tsakanin jihohi biyu ne. Masunci ya kan tashi daga gaɓar Yawuri da asuba, hantsi bai yi ba ya shiga ruwan Bargu. Ba turke, ba shinge, kifin da yake bi kuwa bai san iyaka ba.

Ga yadda doka ta tsaya. Tsarin mulkin Nijeriya ya ba Gwamnatin Tarayya iko a kan su na teku, amma bai sa su na koguna da tafkuna a cikin wannan iko ba. Saboda haka kowace jiha tana da nata sha'anin lasin. Sa'an nan akwai dokar su ta ruwan cikin ƙasa ta 1992. Ita ce ta hana kamun kifi da guba, ko nakiya, ko wutar lantarki. Ta hana taru mai ido ƙasa da milimita 76, watau inci 3, sai fa kayan da aka keɓe don ƙananan kifi irin warangi. Ta kuma ce Kwamishina ke rufe ruwan jiharsa, amma ruwan da jihohi suka yi tarayya a kansa, wannan na Minista ne.

Dalilin wannan a fili yake. In Kabi ta hana, Neja ta ƙyale, hani bai yi amfani ba, sai mai laifi ya tuƙa jirginsa ya ƙetare. Abin da ya faru ke nan game da dala, babban tarun nan da ake ja zuwa gaɓa. Da sunan warangi ake jefa ta, amma ta kan kwaso 'ya'yan ƙarfasa da na giwan ruwa tun ba su isa haihuwa ba. A cikin aikin haɗin gwiwa na Nijeriya da Jamus da aka fara a 1993, jihohin biyu suka daidaita dokokinsu, suka hana dala a tafkin duka, aka kuma sa sarakuna da sarakunan ruwa cikin sha'anin lasin. Sai da gaɓa biyu suka yi magana ɗaya tukuna maganar ta yi nauyi.

To, abin da ake bukata ga hakimai huɗu ne.

Na ɗaya, kowane malami ya riƙe littafin masuntan ƙasarsa: sunan mutum, da garinsa, da yawan jiragensa, da irin kayan sunsa. Sarkin ruwa ne zai taimake shi, don shi ya san kowa.

Na biyu, kada a karɓi ko kwabo ba rasit. Kuɗin da ba takarda shi ke sa talaka ya ce lasin zalunci ne.

Na uku, hakimi ya nemi bayani a rubuce daga ma'aikatan kifi na jiharsa a kan matsayin lasin da aka yanka a ƙetare, ya sa a yi shela tun kaka ba ta yi ba. Baƙon masunci kuwa, ya fara gai da sarkin ruwa ya nuna takardarsa kafin ya jefa taru.

Na huɗu, in an kama mutumin ƙetare da laifi, kada samari su ƙona masa taru ko su fasa masa jirgi. A rubuta abin da aka kama a gaban shaidu, a miƙa wa hukuma, a aika wa hakiminsa da takarda a ranar. Taru da jirgi su ne gonar masunci. Wanda aka raba da su ba shari'a, danginsa za su rama a kan wani, daga nan sai gaba ta shiga tsakanin garuruwan da suka daɗe suna auratayya.

Lalle ne hakimai biyu masu fuskantar juna su riƙa saduwa ko sau ɗaya a shekara, tare da sarakunan ruwansu. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba da zaman lafiya, ya sa wa ruwa albarka, amin.