Gudun da ke kisa ba ya cikin lissafin "awa ɗaya"



Ku tambayi direba yadda ya zo daga Madawa zuwa Buza, zai ce kilomita wajen 50 ne, ya ci su cikin awa guda. Raba tazara da lokaci, ka samu 50 a awa. Lafiya lau, ko? To amma ya tsaya ɗaukar buhunan albasa, ya ja jiki cikin ramuka, ya rage a bakin ƙorama. Ina ya rama lokacin? A gangaren dutse ya sake ta. Ranar da aka yi hatsari, Allah ya kiyaye, da gudun wannan sakan ɗin mota take kifewa, wanda allurar maleji ke nunawa.

Abin nan yana cikin darasin fizik na lise, kuma nan ne ɗiyanmu da yawa suke tuntuɓe. Ana ba su zane, lokaci a kwance, tazara a tsaye. In layin miƙaƙƙe ne, ba gardama. In ya lanƙwashe, sai yaro ya daskare, don ya haddace kalmar "tanjant" da Faransanci ba tare da ya taɓa aza rula da hannunsa ba.

Alhali aikin bai kai haka ba. Ɗauki ɗan kabu-kabu da ya tashi daga tsaye. Sakan 1 ya yi mita 1, sakan 2 mita 4, sakan 3 mita 9, sakan 4 mita 16, sakan 5 mita 25. Ɗiga su, haɗa, layi ya lanƙwashe sama. Kana son gudunsa daidai sakan na 4? Aza rula ta shafi layin a wannan ɗigon kawai, kar ta ratsa shi. Ja miƙaƙƙen layi. Za ka ga ya taɓa ƙasa a sakan 2, ya kai mita 32 a sakan 6. Mita 32 cikin sakan 4, wato mita 8 duk sakan, kusan kilomita 29 a awa. Wanda ya raba 16 da 4 kuwa zai samu 4, rabin gaskiya ke nan. In hannunka ya ɗan goce ka samu 7 ko 9, ba laifi ba ne, ƙiyasi ake nema.

Ni dai a ganina, yaron da ya zauna makarantar zana, hamsin ko fiye a aji, ba kwanya ya rasa ba. Takarda mai gidaje-gidaje ya rasa, da rula, da wanda zai ce masa da Hausa: rular nan allurar maleji ce.

Don haka roƙonmu ga kwamitocin iyaye: kafin jarabawar Bak, a sayi rula da takardar zane, ko aji ɗaya ne a fara. Mu da muka gama jami'a muna zaune, mu ɗauki safiyar Asabar. Mai so ya rubuta sunansa da garinsa kafin a tashi.