An Haɗe Asibitoci a Rufi Ɗaya, To Jirgin Ruwa Fa?

Yau maganar asibiti ce. Mutanen Yauri, Ngaski da Shanga, ku matso kusa.

A da, ƙaramin asibitin ƙauye iyayen gidansa sun yi yawa. Ƙaramar hukuma ke biyan albashi, wata hukumar daban ke yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, ma'aikatar lafiya ta jiha ma da nata hannun a ciki. In magani ya ƙare, kowa sai ya nuna ɗan uwansa. A 2011 Majalisar Lafiya ta Ƙasa ta amince kowace jiha ta tattara waɗannan asibitoci ƙarƙashin hukuma guda, Kebbi ma tana da tata. Dokar lafiya ta 2014 kuma ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, ana tura wani kaso zuwa asibiti ɗaya a kowace mazaɓa.

Ni dai ina goyon bayan haɗewar. Ko ba komai, yanzu ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Amma fa rufin nan bai kai kan babban asibitin Yelwa ba, shi wani ɓangaren gwamnati ke riƙe da shi. Kuma tsakaninsa da ƙauyukan gungu akwai ruwa, ruwan da ya ƙara faɗi tun da aka gama dam ɗin Kainji a 1968. Ku ɗauka haihuwa ta zo wa mace da gardama ƙarfe biyun dare. Ma'aikaciyar lafiya ta yi iya ƙoƙarinta, ta rubuta takarda a wuce babban asibiti. To daga nan fa? Mijin ne zai tashi mai jirgi daga barci, ya nemo kuɗin mai, a shiga ruwa cikin duhu. Wanda ya tuna jirgin da ya nitse kusa da Wara a watan Mayun 2021 ya san ruwan nan ko da rana ba abin wasa ba ne.

Ƙananan asibitocin nan suna da kwamitin mazaɓa, kuma matasa na da damar zuwa su yi magana. Ku je ku tambaya: in dare ya tsala, jirgin wa ake kira, kuma wa ke biyan mai? Amsar da aka ba ku, ku turo mini, zan karanta a shiri na gaba.

Sai mun haɗu.