Tsatsar Waken Suya

Manomin waken suya ya san tsatsa: ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa a bayan ganye, sai ganyen ya zube tun kwanso bai cika ba. Iska ke yaɗa ƙwayar cutar, maganin feshi kuwa ya fi ƙarfin ƙaramin manomi.

Shi ya sa nake jinjina wa masanan cibiyar IITA ta Ibadan, da suka fitar da irin TGx 1835-10E mai jure wa tsatsar. Amma ƙwayar tana rikiɗa, irin da ya jure yau yana iya kasawa nan gaba. Kada gwamnati ta bar binciken ya tsaya don rashin kuɗi. Kuma a kai irin har ƙauyukan Binuwai da Kaduna, a farashin da talaka zai iya saye.