Daga Borno zuwa Gwanja: Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗalibai a Pantami

 



Ku 'ya'yana masu kammala karatu a yau, an ce in yi muku nasiha. To, nasiha kun sha ta shekara shida a bakin malamanku, don haka ni tarihi zan ba ku, tarihin fatauci. Yawancinku 'ya'yan manoma ne da 'yan kasuwa, kuma da kuɗin hatsi da ribar tireda aka biya muku kuɗin makaranta.

A shekarar 1257 sarkin Kanem ya aika wa sarkin Tunis kyautar raƙumin dawa, dabbar ta ratsa Sahara da ƙafarta, mutanen birnin suka yi cincirindo suna kallo. A wannan zamanin mutanen Kanem suna da makaranta da masaukin kansu a Alƙahira, domin alhazai da almajirai. A 1324 Mansa Musa na Mali ya bi ta Alƙahira zai tafi hajji, ya yi ta kyautar zinariya har darajarta ta faɗi a kasuwa. A 1353 matafiyin nan Ibn Baɗuɗa ya sauka Takedda, a ƙasar Nijar ta yau, ya tarar ana narka jan ƙarfe ana kai shi Gobir da Borno. Duk wanda ya ce muku kakanninmu a kulle suke sai da Bature ya zo ya buɗe ƙofa, ku tambaye shi wa ya kai raƙumin dawa Tunis.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna yadda abin ya iso mana. A zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali, fatake ne kuma malamai, suka kafa salla a fada. Sarki Abdullahi Burja, 1438 zuwa 1452, shi aka ce ya buɗe hanya daga Borno zuwa Gwanja, a arewacin Ghana ta yau. A zamanin Yakubu gishirin Azbin ya wadata, Fulani kuma suka zo da littattafan tauhidi da na lugga. Sai Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, wanda ya kafa Kasuwar Kurmi, ya kuma sauki Shaihu Magili, mutumin Tilimsan ta Aljeriya, wanda ya rubuta masa littafi kan yadda ake mulki. Kaya da karatu a ayari ɗaya suka riƙa tafiya.

Hanyar Gwanja ita ce hanyar goro, kuma ina so ku dubi wahalarta. Madugu ne shugaban ayari, jagaba yana gaba yana duba hanya. Ana loda wa jakuna kanwa da tufafin rini da jar fata, a yi watanni ana tafiya, ana biyan fito a bakin kogi, ana biyan kuɗin hanya ga kowane sarki. A dawowa ga huhun goro a naɗe cikin ganye. Goro ba ya son zafi, ba ya son bushewa, sai an riƙa kwance shi a zango ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda ya fara lalacewa kada ya ɓata sauran. Idan an isa gari, baƙo zai sauka wurin fatoma, ya damƙa masa dukiyarsa baki ɗaya, fatoma ya nemo dillali, ya tsaya wa mai saye a kan bashi. Babu banki, babu waya. Mutum ya ci amana sau ɗaya, labarinsa ya riga shi isa kowane zango, kasuwancinsa ya mutu ke nan. Yau da muke tura kuɗi ta waya cikin ƙiftawar ido, sai ga shi ɗan'uwa yana tsoron ba ɗan'uwansa jari.

Ba zan ɓoye muku ɓangaren da ba shi da daɗin ji ba. Cikin hajar da ake kaiwa arewa har da mutane. Ayarin da Ibn Baɗuɗa ya bi daga Takedda yana ɗauke da bayi mata kusan 600. Sarkin Kano Kanajeji ya riƙa aika dawaki Kwararrafa ana ba shi bayi, kuma ƙasar Kwararrafa ba nesa take da inda muke zaune ba. Wannan ma tarihinmu ne, wajibi ne mu faɗe shi kamar yadda muke faɗin na alfahari.

Gombe kanta hanya ce ta raya ta. Buba Yero ya kafa masarautar a zamanin jihadin 1804, fadar tana Gombe Abba. A 1919 aka dawo da ita nan Doma, wato garin Gombe na yau, auduga ta jawo 'yan kasuwa, jirgin ƙasa ya iso a farkon shekarun 1960, a 1996 kuma garin ya zama babban birnin jiha.

Saboda haka ina da roƙo. Malamai, ku ba darasin tarihi haƙƙinsa, kada ya zama na cike gurbi. Iyaye, ku bar 'ya'ya mata su ci gaba da karatu kamar 'yan'uwansu maza. Ku kuma 'ya'yana, kafin sakamakon jarrabawa ya fito, kowa ya sami tsoho ko tsohuwa a gidansu ya tambaya: daga ina kakanmu ya zo Gombe, me ya ɗauko, wa ya sauke shi? Ku rubuta, ku kawo wa makarantarku ta ajiye a ɗakin karatu.

Allah ya yi muku albarka, ya sa wa karatunku amfani, ya mayar da kowa gidansa lafiya.